Shin Wahala Ce Ke Sa Yaro Ya Yi Juriya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Mabera a nan cikin garin Sakkwato, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Na tashi a ƙauye a hannun ƙanen mahaifina, tun ina ƙarami nake zuwa gona da kiwo, kuma na sha bulala ba kaɗan ba. Ina ganin wannan wahalar ce ta sa na zama mutum. To amma nawa 'ya'yan, da ba su rasa ci da sha ba, kuma suna makaranta mai kyau, abu kaɗan ke karya musu zuciya. Babbansu mai shekara 11, idan bai ci jarrabawa ba ko aka yi masa tsawa, sai ya shige ɗaki ya yi ta kuka, ko abinci ba ya ci, kuma da ya ga abu zai yi wuya sai ya ce ba zai iya ba. Yayana ya ce in tura shi ƙauye ko makarantar kwana ya sha wuya ya dawo cikin hankalinsa, mahaifiyarsa kuwa ta ce ni ne na cika zafi. Ina son 'ya'yana su tashi cikin farin ciki, amma ba na son su zama ragwaye. Yaya zan haɗa biyun?"

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya raya mana su, ya shirye su. Malam, abin da kake tambaya a taƙaice shi ne ko farin cikin yaro da juriyarsa ba sa haɗuwa, ta yadda duk abin da aka ƙara wa ɗaya sai an rage wa ɗayan, sannan ko akwai hanyar da za a ba yaron da ya tashi cikin wadata irin ƙarfin zuciyar da kai ka samu cikin rashi. Na daɗe ina koyarwa tare da aikin ba ɗalibai da iyayensu shawara a makarantun firamare da sakandare a nan Sakkwato, kuma da wuya zangon karatu ya ƙare ba tare da wani uba ya zo mini da irin wannan damuwar ba, galibi a kan ɗan fari. Amsata ita ce suna haɗuwa, tushensu ma ɗaya ne. Yaron da ya tabbata yana da matsayi a zuciyar iyayensa shi ne ya fi iya faɗuwa ya miƙe, kuma yaron da aka saba ɗora wa nauyi daidai ƙarfinsa shi ne ya fi jin daɗin rayuwarsa. Amma da yake shawarar yayanka tana da magoya baya da yawa a cikinmu, bari mu bi maganar a hankali.

Me ya sa kai ka yi ƙarfi?

Ba na musun cewa tashin ƙauye ya gina ka, sai dai ina so ka rarrabe abubuwan da ke cikinsa, domin ka dunƙule su wuri ɗaya ka kira su wahala. Akwai aikin gona da kiwo, akwai bulala, akwai kuma abu na uku da ba ka ambata ba, wanda nake kyautata zaton yana nan. Ka tuna da kyau: a gidan ƙanen mahaifinka, ko a maƙwabta, babu wata kaka ko goggo da ke ɓoye maka ɗumame, ko ta ajiye maka fura idan ka dawo daga daji? Babu wani malamin allo ko na firamare da ya taɓa dafa kanka ya ce wannan yaron zai yi karatu? Yawancin iyaye maza da na yi wa wannan tambayar sukan yi shiru, daga nan su kira sunan mutum guda, sau da yawa wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan ba hasashena ba ne kawai. Wata masaniyar halayyar yara mai suna Emmy Werner ta jagoranci wani bincike a tsibirin Kauai da ke jihar Hawai ta Amurka, inda aka bi rayuwar yara 698 da aka haifa a shekarar 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun tashi cikin talauci haɗe da rikicin gida, ko shaye-shayen iyaye, ko rashin lafiyar ƙwaƙwalwar iyayen. A cikin waɗannan masu wahalar, kimanin kashi biyu cikin uku sun sami matsala mai tsanani a karatu ko a ɗabi'a kafin su cika shekara 18, kashi ɗaya kuwa suka tashi lafiya lau, suka zama mutane masu aiki da kula da iyali. Da aka duba abin da ya bambanta su, abin da ya fi fitowa shi ne kowannensu ya sami aƙalla babban mutum guda da ya riƙe shi da ƙauna, ko da ba shi ya haife shi ba, kuma da yawa daga cikinsu an ba su aiki mai amfani a gida tun suna ƙanana, kamar rainon ƙanne. Ka lura da lissafin. Wahalar ta karya biyu, ɗaya ya tsira, kuma wanda ya tsira ba wahalar ce ta tsirar da shi ba.

Yi irin wannan lissafin a kan sa'o'inka na ƙauye da kuka sha bulala tare. Nawa ne suka kai inda ka kai, nawa suka gudu daga makaranta ba su koma ba, nawa suka faɗa shaye-shaye, nawa ne yau ba sa iya zaman minti goma da 'ya'yansu ba tare da tsawa ba? Mu da muka tsallake mu ne ke da bakin yabon bulala, waɗanda ta illata ba sa rubuto wasiƙa. Abin da gona da kiwo suka ba ka kuwa abu ne na gaske. Kana ɗan shekara takwas ka san cewa idan ka yi sakaci tumaki za su shiga gonar wani, kuma idan ba ka zo ba kunyar da aka ware maka ba za ta nomu ba. Gida yana buƙatarka, kuma ka san haka. Wannan ne ɗanka bai samu ba, kuma ana iya ba shi a Mabera ba sai an kai shi daji ba.

Kunyar ɗan fari a gidan da babu kaka

Muna da karin maganar da ke cewa ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Magabata sun faɗe ta ne domin su hana sangarta, kuma a nan suna da gaskiya. Amma ka duba irin gidan da aka faɗe ta a ciki. Babban gida ne, uba yana kunyar ɗan farinsa, uwa ba ta kiran sunansa, wani lokaci ma da an yaye shi sai a ba kaka ko goggo riƙonsa. Duk da haka yaron bai rasa gata ba, domin kaka na nan tana masa wasa tana kiransa mijinta, kawunnai na ɗaukarsa, taubasai na tsokanarsa, da dare a tsakar gida ga tatsuniya. An raba aikin ne, uba ya riƙe kwarjini, sauran dangi suka riƙe lallashi.

Yau a Mabera da Arkilla da Gidan Igwai da sauran sababbin unguwanni, mutum ya gina gidansa ya sa ƙofar ƙarfe, daga shi sai matarsa sai 'ya'yansa. Kunyar ta biyo mu birni, kaka kuwa an bar ta a ƙauye. Sai ya zama ɗan fari yana zaune da uban da ba ya yi masa magana sai idan ya yi laifi ko an kawo sakamakon jarrabawa, da uwar da hidimar ƙannensa uku ta sha mata kai, kuma babu wani na uku da zai je wurinsa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa irin ƙorafinka ya fi yawa a kan 'ya'yan fari. Idan babu kaka a gidan, to dole uba ya ɗauki wani ɓangare na aikinta, ko da ransa yana jin nauyin hakan.

Addininmu bai bar mana uzuri a nan ba. Ya tabbata a hadisi cewa Aƙra'u bin Habis ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba. Hadisin da na fi kawo wa iyaye maza kuwa shi ne na Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, ƙaramin yaro mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, sai ga shugaban al'umma baki ɗaya yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun, har yana kiransa da alkunya kamar babban mutum. Bai ce masa namiji ba ya kuka a kan tsuntsu ba. Baƙin cikin yaro ƙarami ne a idonmu, amma a wurinsa cikakke ne.

Saboda haka idan ɗanka ya shige ɗaki yana kuka, kada ka bi shi da tsawa, kada kuma mahaifiyarsa ta bi shi da alewa. A bar shi ya ɗan huce, sannan kai da kanka ka shiga ka zauna, ka ce masa, "Na ga wannan jarrabawar ta ɓata maka rai, gaya mini inda ta yi maka wuya." Ka saurara har ya gama ba tare da ka katse shi da wa'azi ba. Karo na farko mai yiwuwa ba zai ce komai ba, domin bai saba ba, kuma zai yi zaton tarko ne. Ka maimaita. Ka kuma samar muku da lokacin da ba na tuhuma ba, kamar tafiya masallaci tare da ƙafa, ko ka ɗauke shi a bayan mashin idan za ka kasuwa, domin yara maza sun fi buɗe baki idan ana tafiya ko ana wani aiki, ba idan an zaunar da su ana kallon idonsu ba.

Maganar tsawa da bulala

Mai ɗakinka ta ce ka cika zafi. Ban san gidanka ba, amma shawarata ita ce ka ɗauki maganarta da muhimmanci, domin ita ke ganin fuskar yaron bayan ka fita. A shekarar 2016 wasu masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken da aka yi cikin shekaru 50 a kan yara sama da 160,000, suka gano cewa yawan dukan yaro yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai da faɗa da damuwar zuciya, ba su kuma sami shaidar cewa yana gyara ɗabi'a ba. A aji ma muna gani. Yaron da ke tsoro hankalinsa na kan hannun malami, ba kan allo ba, kuma abin da ya fi saurin koya shi ne ɓoye laifi. Kalmar "ba zan iya ba" da ɗanka ke faɗa, sau da yawa ba lalaci ba ce, dabara ce ta kare kai, domin ya lissafa cewa wanda bai gwada ba ba zai faɗi ba, wanda bai faɗi ba kuwa ba za a yi masa tsawa ba.

Na san za a kawo mini hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a dake su a kanta suna da goma. Hadisin yana nan, amma a duba shi gaba ɗaya. Tsakanin bakwai da goma shekara uku ne na koyarwa da tunatarwa sau biyar a kowace rana kafin a kai ga maganar duka, a kan salla kuma, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a kan lissafi ko fasa kofi ba. Malamai sun kuma gindaya sharuɗɗa, kada ya zama mai raunatawa, kada a taɓa fuska. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba.

Barin duka ba ya nufin barin doka. Tun shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Diana Baumrind, ta nuna cewa yaran da suka fi dogaro da kansu su ne na iyayen da suka haɗa tausayi da tsayayyar ƙa'ida, ba na masu tsanani zalla ba, ba kuma na masu sakaci ba. A aikace, dokokin gida su zama kaɗan kuma sanannu, kamar lokacin salla, lokacin barci, gaida manya da rashin ƙarya, kuma hukuncin karya su ya zama sananne tun kafin a karya, ya kuma danganci laifin. Wanda ya ɓata abu ya gyara ko ya biya daga kuɗin taransa na makaranta, wanda ya bar kekensa a waje ya rasa hawansa kwana biyu. Sharaɗin shi ne kai da mahaifiyarsu ku zama baki ɗaya. Idan kuna da saɓani a kan tarbiyya ku tattauna a ɗaka, domin yaron da ya ga uba ya hana uwa ta bayar a ɓoye, ba doka ya koya ba, ya koyi wanda zai bi ta wurinsa ne.

Kafin a ce rago ne, a duba yaron

Yara ba halitta ɗaya ba ne. Wasu likitoci biyu a birnin New York, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin yara tun suna jarirai a shekarar 1956, suka ga cewa tun daga goyo akwai mai sauƙin hali, akwai mai rigima, akwai kuma mai jinkirin sabo da sabon abu, wanda kowace uwa mai 'ya'ya huɗu za ta iya gaya maka kyauta. Yaro mai taushin zuciya ba aibi ne da shi ba. Irinsu ne sukan zama masu lura da tausayi idan an bi da su, sai dai tsawar da ƙanensa zai karkaɗe ya koma wasa, shi za ta kwana a ransa.

Sannan a duba jiki. Na sha ganin yaron da ake wa kallon daƙiƙi alhali allo ne ba ya gani daga bayan aji, ko kunne ɗaya ba ya ji sosai, ko yawan zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini sun sa kullum a gajiye yake. Akwai kuma wanda aka yi ta ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji alhali bai iya karatu sosai ba, yana ɓoye hakan da kunya. Ka ba shi littafin ajinsa ya karanta maka shafi ɗaya a bayyane, cikin raha, za ka gane. Ka kuma bincika ko akwai wani yaro ko malami da ke muzguna masa.

Ka lissafa ranarsa. Yawancin yaranmu na birni suna fita boko da sassafe, su dawo da azahar su wuce Islamiyya, wasu a ƙara musu darasin gida, bayan magariba kuma ga hadda. Ina lokacin wasa? Likitocin barci sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, idan babu wuta, yaro bai samun barcin kirki sai dare ya raba, ga shi za a tashe shi da asuba. Babban mutum ma idan barci bai ishe shi ba abu kaɗan ke harzuƙa shi. Wasan kuma ba ɓata lokaci ba ne. A langa da ƙwallo da gaɗa ne yaro ke koyon a ci shi ya haƙura ya dawo gobe, ya yi faɗa da aboki su shirya ba tare da babba ya shiga ba. Waya ba ta koyar da wannan, domin idan wasa ya yi wuya sai a danna a sake. Ban ce a hana ta kwata-kwata ba, amma kada ta kwana a ɗakin yara, kuma ga ƙananan, ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2019 ita ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsu ya wuce awa ɗaya a rana, waɗanda ba su kai nan ba kuwa gara a bar su ba kallo.

Akwai wata tambaya da nake roƙon iyaye su rage, wato "Na nawa ka zo?" A aji mai yara arba'in mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya, don haka idan wannan ne ma'aunin ƙaunar uba, talatin da tara sun faɗi. Binciken da wasu masana halayya biyu, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka yi a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kuma sun fi saurin karaya idan suka kasa, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Ka ce masa, "Na ga yadda ka zauna a kan wannan lissafin har ka warware shi," maimakon "Kai haziƙi ne." Kada kuma ka auna shi da ƙanensa ko ɗan maƙwabci. Hadisin Nu'umanu bin Bashir, wanda mahaifinsa ya so ya ba shi kyauta shi kaɗai Annabi ya ƙi yin shaida ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya, malamai sun faɗaɗa shi har zuwa sakin fuska da kulawa.

Nauyi daidai ƙarfi

Yanzu mu zo inda yayanka yake da gaskiya. Yaron da ake yi wa komai ba zai san abin da zai iya ba. Yarinyar ƙauye ba da tulu take fara ɗaukar ruwa ba, da ɗan gwangwani take farawa, wuyanta na ƙarfi ana ƙara mata, wanda kuwa ya ɗora mata tulu ranar farko targaɗe zai ja mata. Abin da ɗanka ke buƙata wahala ce mai ma'ana, wadda ta ɗan fi abin da ya saba amma ba ta fi ƙarfinsa ba, kuma kana kusa.

Ka ba shi aikin da idan bai yi ba za a ji a gidan. Ka sayi ɗan rago ko akuya, ko kaji ko tantabaru, ka ce nasa ne, shi zai nemo harawa da dusa, shi zai ba su ruwa kafin ya tafi makaranta, idan an sayar kuma yana da kaso. Ka riƙa aikensa cefane da kuɗi ƙididdigaggu, ya yi ciniki ya dawo da canji ya yi bayani. Ya wanke kayan makarantarsa da kansa, ya raka ƙanensa Islamiyya. A lokacin dogon hutu ka kai shi wurin amintaccen mai sana'a na sa'o'i kaɗan a rana, tela ko kafinta ko baduku, tunda garin nan an san shi da aikin fata tun kaka da kakanni. Yaron da lissafi ke kayar da shi a aji, idan ya ɗinka jaka da hannunsa ya ga an saya, ya sami wurin tsayawa. 'Yan matan ma haka, kada a ce nasu wanke-wanke ne kawai, a ba su abin da za su riƙe su yi lissafinsa.

Abu mafi wuya ga iyaye shi ne su bar yaro ya ɗanɗani sakamakon ƙaramin sakacinsa. Idan ya manta littafinsa a gida kada a bi shi da shi a mota. Idan ya kashe kuɗin taransa na mako ranar Litinin, ya jira mako mai zuwa. Ba a buƙatar faɗa a nan, abin da ya faru ya isa darasi, naka kawai ka tambaye shi yadda zai yi gaba. Ka kuma ba shi labarin inda kai ka taɓa faɗuwa ka tashi, domin yawancin 'ya'yan fari sun ɗauka ubansu bai taɓa kasa komai ba.

Ƙauye ko makarantar kwana

Ban goyi bayan a tura shi ko'ina a matsayin horo ba. Yaron da ya riga ya ɗauka bai kai yadda ubansa ke so ba, idan aka kwashi kayansa aka kai shi nesa, fassarar da zai yi ita ce an gaji da shi. Zai iya dawowa ya daina kuka, ka ɗauka ya warke, alhali ya daina gaya maka damuwarsa ne kawai, kuma irin waɗannan ne muke haɗuwa da su a babbar sakandare sun sami abokan da ke saurarensu a wurin da bai dace ba. Zuwa ƙauye hutu kuwa abu ne mai kyau idan hanyar da garin suna da aminci, domin kowa ya san halin da wasu ƙananan hukumomin gabashin jihar nan ke ciki. Ku tafi tare da damina, ka nuna masa gonar da ka noma, ka riƙa masa fartanya, ya kwana biyu wurin dangi ya san su. Makarantar kwana kuma a bar ta sai ya iya kula da kansa, ya iya buɗe baki ya faɗi idan an zalunce shi, kuma an yi shawarar da shi. Kafin a kai shi a bincika yadda makarantar ke hana manyan ɗalibai cin zalin ƙanana.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga wasiƙa

Ban ga yaron ba, kuma ɓangarenka kaɗai na ji. Binciken da na ambata ma an yi su ne a ƙasashen da tsarin gidajensu ya bambanta da namu, shi ya sa na ɗauki abin da ya dace da abin da nake gani a makarantunmu da kuma koyarwar addininmu. Canjin da na bayyana yakan ɗauki watanni, ka ba shi aƙalla zangon karatu ɗaya kafin ka yanke hukunci.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu a jere kusan kullum, ya daina sha'awar wasan da yake so, yana ramewa, barcinsa ya lalace, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana yawan ciwon ciki ko ciwon kai da safe idan za a tafi makaranta, ko ya furta cewa gara ya mutu ko ba shi da amfani, to a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibitin da ke kusa, a duba ido da kunne da jini, idan likita ya ga da buƙata zai tura ku wurin masanin halayya ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Na san yadda mutanenmu ke jin sunan Kware, amma ana zuwa a ga likita a dawo gida a ranar, kuma neman magani bai hana addu'a da azkar ba. Idan za ku je, ku tafi da mahaifiyarsa da sakamakon jarrabawarsa na zanguna uku na baya, ka kuma fara ganin malamin ajinsa ka ji abin da ya lura da shi, domin likita zai tambaya yaushe abin ya fara da kuma abin da ya canza a gida ko a makaranta a lokacin.